Wanda Ke Karanta Labarai, Na Wa Ne?

Ranar 29 ga Oktoba 2018 Allah ya yi wa Mariama Keita rasuwa a ƙasar Turkiyya. An haife ta a Yamai a 1946, kuma ita ce mace ta farko da ta zama ƴar jarida a Nijar. Ta fara ne da tsara labarai da karanta su a gidan rediyon ƙasa, Muryar Sahel, ta ƙare tana shugabar hukumar ƙoli ta sadarwa, CSC, daga 2003 zuwa 2006. Tsakanin kujerun nan biyu akwai tarihin aikin da har yau ba a yanke hukuncin ko mallakar wa ne ba.

Manomin Tasawa ko na Mayahi bai san ofishin minista ba. Abin da ya sani shi ne murya, daga baya kuma fuska. Tun da Tele Sahel ta fara watsa shirye-shirye ga jama'a a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, aka riƙa kafa akwatunan talabijin masu aiki da hasken rana a ƙauyuka. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarmi, yaro da babba a zuba wa mutum ɗaya ido. Abin da ya faɗa shi ne gaskiya, abin da ya tsallake kuwa kamar bai faru ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jaridu masu zaman kansu, amma allon gwamnati bai fita daga hannun mai mulki ba. A 2005, lokacin da fari da fara suka bar rumbunan jihar Maraɗi wayam, iyaye mata daga yankunan Tasawa da Mayahi suna ɗaukar jarirai ramammu zuwa cibiyoyin ciyarwa, shugaba Tanja Mamadu kuwa yana musun cewa akwai yunwa. Hotunan da suka girgiza duniya na ƴan jaridar waje ne, musamman BBC. Mai bin labaran gida ya fi ganin bukukuwan raba tallafi da jawaban godiya.

Ba a ɗora laifin duka a kan mai karantawa ba. Ma'aikacin gwamnati ne, albashinsa da canjin wurin aikinsa suna hannun waɗanda yake ba da labarinsu, kuma wanda ya san ana iya ɗauke shi daga allo cikin dare ɗaya dole ya auna harshensa. Wani lokaci ma ture shi ake yi gaba ɗaya: daren 26 ga Yuli 2023 hafsoshin soja ne suka zauna gaban kyamara suka karanta tasu sanarwar.

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. To, sai a gani a allo. Mai karanta labaran Hausa bai kamata ya tsaya a matsayin tafinta ba, wanda ake miƙa wa ragowar labaran Faransanci ya taƙaita. Ya cancanci a ba shi lokaci daidai da na takwaransa, da wakilai da kyamara a Tasawa da Mayahi, da ƙa'ida a rubuce da za ta hana a tsige shi don ya faɗi farashin tiyar hatsi a kasuwar Mayahi cikin watan Yuli.