A Bar 'Yan Mata Su Ja Ayarinsu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata ƙungiya wadda yawancinmu ba mu tunawa da ita sai ranar 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba, sa'ad da muka ga 'yan mata cikin riguna iri ɗaya suna maci a filin wasa. Ita ce ƙungiyar 'yan mata 'yan sikawut, wadda aka fi sani da Gal Gaid. A makarantu da dama, da an tashi daga fareti sai a naɗe tuta, a mai da riguna akwati, sai kuma baɗi. A ganina wannan babbar hasara ce, domin an kafa ƙungiyar ne don yarinya ta koyi tsara al'amari da kanta, ta ja 'yan'uwanta, kana ta ɗauki alhakin abin da ya biyo baya. Wurin koyon haka kuwa shi ne fita yawon gani da ido da zaman sansani, muddin an bar 'yan matan su ne masu shiri.

Bari mu waiwayi asali tukuna. A shekarar 1907 wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, ya kai yara maza kimanin 20 tsibirin Brownsea, ya kasa su rukuni 4, ya ɗora yaro guda a kan kowane rukuni. A 1909 aka yi babban taron 'yan sikawut a Crystal Palace, a Landan, sai ga waɗansu 'yan mata sun bayyana, suka ce su ma 'yan sikawut ne. Ba wanda ya shirya musu zuwa, su suka shirya wa kansu. Dalilin haka a 1910 aka kafa ta mata, ƙanwarsa Agnes ta shugabance ta. A 1912 Juliette Gordon Low ta fara irinta a garin Savannah na Amurka da 'yan mata 18. Ta iso Nijeriya a 1919, inda daga baya Lady Oyinkan Abayomi ta daɗe tana riƙe da ragamarta, sa'an nan a 1928 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya ta duniya. Watau tun ran gini tun ran zane, abin ya faro ne daga yunƙurin 'yan matan kansu.

Tsarin kuwa mai sauƙi ne. Akan kasa ƙungiya ƙananan rukunoni, kowanne da 'yan mata 6 zuwa 8. Kowane rukuni yana da shugabarsa da mataimakiya, duka daga cikinsu. Shugabannin nan sukan zauna majalisa tare da malamar da ke kula da su, kowacce ta kawo abin da mutanenta ke so, a tattauna, a yanke shawara, ta koma ta bayyana musu. Yarinya mai shekara 13 da ta saba da wannan ta riga ta san wakilci, ta san yadda ake kayar da ita a shawara ta haƙura, ta san ɗacin komawa wurin waɗanda suka zaɓe ta da labarin da ba su so.

To, amma me ke faruwa a wurare da yawa? Malama ce ke zaɓen wurin zuwa, ita ke neman mota, ita ke cefane, ita ke rubuta takarda ga iyaye. 'Yan mata sai dai a ce musu su hallara ƙarfe 7 na safe. A zuba su a mota, a kai su, a ciyar da su, a ɗauki hoto, a komo da su. Malamar ta gaji liƙis, kowa ya yaba mata, alhali kuwa ba abin da yaran suka ƙaru da shi sai kallo. Niyyarta kyakkyawa ce, amma wanda kullum ake goya shi yaushe zai koyi tafiya?

Ga yadda ya kamata. A ɗauka ƙungiya tana da 'yan mata 32, rukuni 4 ke nan, a birnin Kano. Makonni kaɗan kafin fita, kowane rukuni ya kawo wurin da yake so tare da dalili: wannan ya ce Gidan Makama, wancan Dutsen Dala, wani marinar Ƙofar Mata. Majalisa ta zaɓi ɗaya. Daga nan a raba aiki kamar yadda fataken da suka raba, da madugu, da jagaba, da mai kula da guzuri. Rukuni ɗaya ya binciko nisa da kuɗin mota, ya raba jimla a kan kowace yarinya. Na biyu ya tsara abinci da ruwan sha. Na uku ya haɗa akwatin magani, ya rubuta sunayen masu tafiya da na waɗanda ke da wata lalura. Na huɗu ya tsara lokaci: yaushe za a tashi, ina za a ya da zango a yi salla, yaushe za a juyo don a isa gida da sauran rana. In lissafi ya nuna kuɗi ba zai kai ba, su ne za su zaɓa, ko a sauya wuri, ko a rage kashewa, ko a yi adashi a jira wata mai zuwa. Bayan an komo a sake zama, mai riƙe da kuɗi ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har sisin kwabo, kowa kuma ta faɗi inda aka dace da inda aka yi sake.

Na san za a kawo mini suka, kuma ba zan kauce mata ba. Ta farko, za a ce wannan al'adar Turawa ce. Sunan da rigar na Turawa ne, gaskiya. Amma tun wajen shekarun 1830 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, inda mata ke tahowa wurinta daga ƙauyuka rukuni-rukuni don neman ilmi, kowane rukuni a ƙarƙashin jajinsa, wadda aka naɗa da malfa. Mata ne ke shirya tafiyar, mata ne ke jan ayarin. Saboda haka mace ta shugabanci tafiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Ta biyu ita ce mai nauyi, watau tsaro. Wane uba ne zai manta da 'yan mata 276 na Chibok a 2014, ko 110 na Dapchi a 2018, ko 279 na Jangebe a 2021? Uban da ya ce 'yarsa ba za ta kwana a daji ba yana da hujja, kuma a yankuna da yawa ni ma bayansa nake. Sai dai tsoron daji bai hana fitar yini guda a cikin gari ba, bai kuma hana kafa tanti a harabar makaranta mai katanga ba. A nan ne aikin manya yake, ba kuwa ƙarami ba ne. Malama ta riga zuwa ta duba wurin da idonta, ta sami yardar kowane uba a rubuce, ta sanar da hukumar makaranta, ta tabbatar da lafiyar mota da hankalin direba. In ta ga hatsari ta ce a'a, ba ja-in-ja. Daɗa ma, yarinyar da ta saba ƙirga mutanenta kafin tashi da bayan sauka, ta san ba a tafiya sai bibbiyu, ta iya ɗaure rauni, ta san wanda za ta kira in abu ya ɓaci, ta fi wadda aka tsare a ɗaki zama cikin shiri ranar da tsautsayi ya zo.

Ta uku, za a ce yara za su ɓata shiri. Lalle za su ɓata. Za su manta ashana, shinkafa ta kasa, lissafi ya ƙi fita. To, sai me? Yinin da aka ci abinci ba gishiri darasi ne mai araha, wanda mai laifin ba za ta sake mantawa ba. Aikin malama ta bambanta kuskuren da ke koyarwa da kuskuren da ke cutarwa, ta ƙyale na farko, ta tare na biyu.

Ina ruwanmu da wannan, mu 'yan jami'a? Ruwanmu ne ƙwarai. Duk lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai mukan yi kukan cewa mata ba su fitowa takarar manyan muƙamai, mukan kuma yi kukan shugabannin da ba su iya ba da bayanin kuɗin da aka damƙa musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda ba a taɓa ba ta amanar kuɗin motar mutum 8 ba, ta yaya za ta miƙe rana ɗaya ta nemi amanar dubban ɗalibai?

Don haka ina kira ga 'yan'uwanmu mata, musamman na sashen koyon malanta da waɗanda suka taɓa sa rigar nan. Makarantun 'yan mata suna kewaye da mu, da yawansu suna neman mai taimako. Ku nemi reshen ƙungiyar na jiharku, ku sami horo, ku ba da yammacin Asabar ɗaya. Amma in kun je, ku riƙe bakinku da hannuwanku gwargwadon iko. Yarinya ta tambaye ku nawa ne kuɗin mota, ku tambaye ta inda za ta binciko. Ku zauna a bayan majalisa, ku bar kujerar gaba ga mai ita. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta taimaka da aron mota da filin sansani a cikin harabar jami'a, inda iyaye za su sami kwanciyar hankali. Allah ya sa mu ga ranar da ƙannenmu za su karɓi ragama daga hannunmu sun riga sun iya riƙo.