Kada Zafi Ya Kori 'Ya'yanmu Daga Makaranta

Kowa ya san bazara. Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Ni na koyar a ajin da rufinsa kwano ne, ba silin. Kafin azahar yara sun galabaita, ba mai jin abin da malam ke faɗa.

To, sai a rufe makarantu? A Maris na 2024 Sudan ta Kudu ta rufe nata har mako biyu saboda zafi. Amma bazararmu wata uku ce, kuma kowace shekara sai ta zo. In aka rufe, ɗan mai kuɗi yana ƙarƙashin fanka, an ɗauko masa malami. Naka fa? Talla ko sharar gona, cikin ranar da aka ce ana gudar masa. Wata yarinyar ma ta bar aji ke nan har abada.

Gyara muke so. A shiga aji ƙarfe 7, a tashi 12. A sa silin, a faɗaɗa tagogi. Kowane aji da randarsa, kowace makaranta da rijiyarta. A dasa darbejiya. A rage cunkoso, domin lokacin sanƙarau ne. Ba mu manta 1996 ba, shekarar da ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: "Yaushe za a sa wa ajin garinmu silin?" In ya yi inda-inda, ku riƙe ƙuri'arku.