A rubuta wa makarantu ƙa'idar kalaman ƙiyayya

Matsayin wannan jarida shi ne kowace jami'a da kwaleji ta samu rubutacciyar ƙa'ida kan kalaman ƙiyayya, wadda ɗalibi zai sa wa hannu tun ranar rajista. A watan Mayun 2022 aka kashe wata ɗaliba, Deborah Samuel, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, kan saƙon murya a zauren WhatsApp na ajinsu, ba tare da alƙali ya saurari kowa ba. Watanni shida bayan haka aka tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, don kawai ya yi wa Aisha Buhari, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, shaguɓe a Twitter.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ta raba tsakani: sashe na 19 ya kare faɗin albarkacin baki, na 20 ya wajabta haramta tunzura jama'a kan addini ko ƙabila. Sukar mai mulki, komai zafinta, ba ta cikin haramcin. Hukumomin NUC da NCCE, masu kula da jami'o'i da kwalejojin ilimi, su tilasta wa kowace makaranta kafa kwamitin sauraron ƙorafi mai malaman addinan biyu da wakilan ɗalibai, mai zama cikin gaggawa, wanda kuma zai miƙa duk mai kiran a zubar da jini ga kotu.