Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba: Takardun Mota Tsakanin Miji da Mata

Wani abu da ya faru da wata abokiyar aikinmu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Malamar ta shafe shekaru tana zubi a ƙungiyar gama kai, ta haɗa da kwasar adashi, ta sayi 'yar ƙaramar mota domin ta huta da jiran motar haya tsakanin Gusau da Bungudu. Saboda kunya da girmamawa, sai ta ce a rubuta sunan maigidanta a takardun. Shi kuma ya ba wani ɗan kamasho kuɗi ya yanko masa takardar inshora a bakin ofishin lasisi. Ranar wata Juma'a, ƙanen mijin da ya zo daga Maraɗi ya ari motar zuwa Tsafe, ya buge wani mai babur, ya kuma afka wa rumfar wani mai kayan masarufi. Da aka zo bincike, takardar inshorar ta jabu ce, lasisin direban na Nijar ne, sunan da ke takardun kuma ba na mai motar ba ne. Daga albashin malamar aka biya kuɗin asibiti da na ɓarna, alhali ba ta gama biyan bashin motar ba.

Ra'ayina shi ne: takardar mota dole ta faɗi gaskiya a kan abu uku. Wane ne mai motar, wane ne ke tuƙa ta, kuma wane kamfani ne ya ɗauki lamuninta. In ɗaya ya karkace, sauran biyun ba za su cece ka ba.

Mu fara da inshorar. Dokar da ta wajabta inshorar biyan diyya ga wanda aka yi wa ɓarna ta samo asali tun 1945, zamanin Turawan mulkin mallaka. Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3, ban da haƙƙin wanda aka raunata ko aka rasa. Na babur naira 3,000 ne. Tun 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka soma tsananta bincike a kan hanya. Mu lura, wannan inshorar ba ta gyara motarka. Haƙƙin wanda ka yi wa ɓarna take biya. Mai son a gyara tasa sai ya yanki cikakkiyar inshora, wadda ta fi tsada ƙwarai.

Na san abin da wani malami zai ce: da wane albashin? Gaskiya ne, buhun shinkafa da litar fetur ba su bar mana sararin numfashi ba. Amma a raba 15,000 gida goma sha biyu, naira 1,250 ke nan a wata. Wanda ya ba ɗan kamasho dubu uku ya karɓi takardar bogi ya sayi abin nuna wa ɗan sanda ne kawai. Araha ba ta ado. Kuma gane ta gaskiya ba wuya: a danna *565*11# a waya, a sa lambar mota, rumbun bayanan kamfanonin inshora zai nuna ko tana ciki.

Wasu kuma damuwarsu ta addini ce, kuma damuwa ce mai tushe, domin malamai da dama sun yi magana a kan riba da rashin tabbas da ke cikin inshorar zamani. To amma ƙofa ta buɗe. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful masu aiki bisa tsarin taimakekeniya: kowa ya zuba gudummawa, a taimaki wanda tsautsayi ya faɗa wa, in an sami rara a raba wa masu zubi. Mu da muka saba da adashi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Na biyu, lasisi. Mu a nan muna da dangi a Maraɗi da Madarunfa da Birnin Ƙonni, akwai kuma 'yan uwa da suka dawo daga Saudiyya ko Libiya da lasisin can. Sharaɗin da aka saba rubutawa a takardar inshora shi ne, wanda zai tuƙa motar ya kasance da izinin mai ita, kuma yana riƙe da lasisin da doka ta yarda da shi. Nan ne kamfani kan sami hujjar ƙin biya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka kafin ka miƙa wa baƙo makulli, ka tambayi kamfaninka a rubuce ko ya amince da lasisinsa. Wanda kuma ya dawo gida da zama, ya je ya yi lasisin Najeriya ta hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra da jami'an duba ababen hawa. Haka mai shirin tsallaka iyaka ta Jibiya: kuɗin nan na 15,000 ya haɗa da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, tsarin da aka kafa a 1982, amma tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya nemi tabbaci daga kamfaninsa kafin ya kama hanya.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: sunan mai mota. A Musulunci dukiyar mace tata ce. Aure ba ya mayar da ita ta miji. Malamar da ta sayi mota da guminta ta rubuta sunan miji, ta jefa kanta cikin haɗari biyu. Idan an yi haɗari, ba ita kamfani ya sani ba. Idan kuwa ta Allah ta kasance ga mijin, motar na iya shiga cikin kayan gado, ta tashi da tumuni, shi ma ta raba da abokan zamanta in akwai, sai fa in tana da shaidu masu ƙarfi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In Ubangiji ya umurce mu da rubutu, don me za mu ɗauke shi rashin yarda? Mota ta zauna da sunan wanda ya saya, a sanar da kamfani cewa miji ko mata na tuƙawa. In haɗin gwiwa aka yi, a rubuta abin da kowa ya bayar, shaidu su sa hannu. Namijin kirki ba ya raguwa da wannan. Ƙaruwa yake yi.

Ina roƙon shugabannin reshenmu na NUT da abu biyu. Su gayyato jami'an kiyaye haɗurra da wakilin takaful zuwa taronmu na gaba, a yi mana bayani da Hausa. Sannan ƙungiyar gama kai ta kafa sharaɗi: duk wanda ya ci bashin mota ko babur, takardun su fito da sunansa, kuma a cire kuɗin inshorar gaskiya kaɗan-kaɗan tare da zubin wata.

Mu ne ke koya wa yara rubuta sunansu daidai a bangon littafi. Bai dace a same mu da sunan wani a kan dukiyarmu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa mu gama lafiya.