Sharhi: Tseren keke a tsaunukan Kigali da darasin da ya bar wa Kanan-Bakashe

Gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali, babban birnin Ruwanda, daga ranar 21 zuwa 28 ga Satumban 2025 ita ce ta farko a nahiyar Afirka. A tseren maza, Tadej Pogacar ɗan ƙasar Slovenia ne ya zo na ɗaya bayan tafiyar kilomita 267.5 a kan hanyar da jimillar hawanta ta kai mita 5,475. Cikin mahaya sama da 160 da suka tashi, 30 ne kawai suka kai ƙarshe, kuma ɗan Afirka ɗaya ne a cikinsu, Amanuel Ghebreigzabhier na Eritiriya.

Duk matashin Nijar da ya kalli hotunan gasar a waya, ko yana Yamai ko yana ci-rani a Kano, Legas ko Tamanrasset, zai iya tambayar abin da ya hana ƙasarsa irin wannan, alhali tana da tsaunuka da kwazazzabai. Amsar ba a tsaunukan take ba. Ta fi kusa da ƙauyuka irin su Kanan-Bakashe, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, inda babu dutse ko ɗaya da za a yi tinƙaho da shi.

Tsaunuka akwai, hanya ce babu

Idan tudu ake nema, Nijar ba ta rasa ba. A tsaunukan Abzin da ke jihar Agadas akwai Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, mafi tsawo a ƙasar. Akwai kwarin Timiya da lambunansa da ruwan da ke zubowa daga dutse. Tun 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya. A jihar Tawa kuma akwai ƙasar Adar, mai tuddai da kwaruruka a wajajen Keita da Buza.

Sai dai tseren keke na kan titi yana bukatar abu biyu kafin komai: kwalta mai kyau da kwanciyar hankali. Yawancin hanyoyin cikin Abzin na tsakuwa ne da rairayi, sai mota mai ƙarfi. Harkar yawon buɗe ido kuwa ta durƙushe tun tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010, kuma a 2025 ma an sace Turawa a cikin garin Agadas. Babu kulob ɗin ƙetare da zai turo mahayansa a wannan hali. Gasar tsaunukan Abzin buri ne mai kyau, amma ba abin bana ko baɗi ba ne.

Abin da Ruwanda da Eritiriya suka yi

Abin da ake yawan mantawa shi ne tudu kaɗai bai taɓa haifar da zakara ba. A Eritiriya, Italiyawa 'yan mulkin mallaka ne suka kai tseren keke, 'yan ƙasa suka karɓe shi ya zama wasan gari. Birnin Asmara yana kan tudun da ya haura mita 2,300, amma abin da ya fi tudun tasiri shi ne gasannin da ake yi a kai a kai, da jama'ar da ke cika bakin titi don kallo. Daga nan Daniel Teklehaimanot ya fito, wanda ya sa rigar gwanin hawan tudu a gasar Tour de France ta 2015. Daga nan kuma Biniam Girmay ya fito, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a 2024.

A Ruwanda, gasar Tour du Rwanda ta fara a 1988, ta shiga jadawalin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a 2009. Da dama daga cikin mahayan farko na tawagar ƙasar masu haya da keke ne, masu dakon fasinja da buhunan dankali. An tsince su a bakin aiki, aka ba su horo a cibiyar Musanze.

Misalin da ya fi dacewa da Nijar shi ne na Burkina Faso, abokiyarta a ƙawancen AES. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga zafi ga ƙura, amma tun 1987 take shirya Tour du Faso, har da zangon da ake bi ta jan burji. Matsalar tsaro ta taƙaita hanyoyin gasar, duk da haka an yi ta a 2023, ɗan ƙasar Paul Daumont ya lashe. Sirrin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa shiga Wagadugu: maza da mata, yara da manya, kowa a kan keke.

Yadda abin yake a Gulbin Kaba

Kanan-Bakashe na tsakanin Mayahi da Tasawa, a yankin kwarin Gulbin Kaba, tsohon kwarin da ya samo sunansa daga kabar goriba da ake saƙa tabarma da igiya da ita. Ƙasa ce ta gero da wake da riɗi da kiwo. Maƙiyin mai keke a nan rairayi ne da ƙaya. Siririyar taya tana nutsewa a jigawa, mahayi ya sauka ya tura. Ƙayar aduwa da ta farar ƙaya kuma kullum suna kai shi wurin mai faci. Shi ya sa a hanyoyin cikin daji amalanken shanu da jaki suka fi keke amfani, babur kuma ya zo ya mamaye sauran.

Lissafin babur ɗin ne ya canza a 'yan shekarun nan. Shekara da shekaru jihar Maraɗi ta dogara da man fetur mai arha da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, ana sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, iyakoki suka rufe.

A Yulin 2024 gwamnatin mulkin soja ta rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499. Amma da man sumoga ya janye, sai nauyin ya koma kan matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, kuma a Maris 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Mazaunin ƙauye ba ya sayen mai a farashin gwamnati. Sai ya ƙara ladan wanda ya kawo masa shi daga gari. Duk ƙarin da aka samu, ɗan kabu-kabu a kan fasinja yake ɗora shi: mai kai haƙuri kasuwa, mai zuwa awon ciki, ɗalibin da makarantarsa ke wani gari.

Inda keke ya fi kofi daraja

Kan ɗalibai ne maganar ta fi nauyi. Makarantun sakandare a karkara ba su kai yawan na firamare ba, don haka yaron da ya ci jarabawa sai ya yi tafiyar kilomitoci a ƙasa ko a nema masa mai riƙo a gari. Iyaye da yawa ba sa yarda da ko ɗaya ga 'ya mace. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi na kan gaba. Dokar Disamban 2017 da ta tanadi riƙe yarinya a makaranta har shekara 16 ba ta rage nisan hanya ko da taku ɗaya ba.

Akwai inda aka gwada keke a kan wannan matsala. A 2006 jihar Bihar ta Indiya ta fara bai wa 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke. Binciken masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Nishith Prakash ya gano shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, tazarar da ke tsakaninsu da maza ta ragu da kashi 40.

Ba a ce a kwafo tsarin yadda yake ba. Hanyoyin Bihar ba rairayin Mayahi ba ne, kuma a ƙauyuka da dama na ƙasar Hausa ganin budurwa a kan keke abin magana ne. Wannan sai da bakin sarakuna da malamai da iyaye mata. A Bihar ma an ba 'yan aji gaba ɗaya ne, ba a ware yarinya ɗaya ta zama abin nuni ba.

Abin da zai yiwu

Na farko hanya. Titin ƙasa mai lamba ɗaya, wanda ya taso daga Yamai ya bi ta Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram, shi ne kashin bayan zirga-zirga, kuma manyan motoci da bas-bas ne ke mulkinsa. Duk sabuwar kwaltar da za a shimfiɗa a yankin, in aka bar mata faffaɗar kafaɗa, an ceci mai keke da mai amalanke da mai tafiya a ƙasa. Hanyoyin ƙauye kuma ko jan burji aka zuba aka daddale, keke zai bi.

Na biyu irin keken. Na tsere mai siririyar taya ba na Gulbin Kaba ba ne. Abin da ya dace shi ne mai faɗin taya da ƙaƙƙarfan kariya, marar tarkacen giya, wanda makanikin kasuwa zai iya gyarawa. Farashi ma abin dubawa ne, domin rufe iyakar Benin ya sa kayan da ke shigowa ta Kwatano zagayawa ta Lome da Burkina. Sassauta kuɗin kwastan a kan keke da kayan gyaransa mataki ne da ba zai girgiza baitulmali ba.

Na uku gasa. Nijar ta san yadda ake gina wasa daga ƙasa. Kokowar takobin ƙasa da aka fara a Tawa a 1975 tana tsamo 'yan wasanta ne daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha, kuma filin kokowar Maraɗi na ɗauke da sunan Kantu, zakaran farko. Tseren keke tsakanin Tasawa da garuruwan kewaye a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin Afrilu da ke haura maki 40, bai fi ƙarfin ƙananan hukumomi da 'yan kasuwar yankin ba. Najeriya ta nuna illar fara gini daga sama: tana da katafaren filin tseren keke a Abuja, amma a gasar Olamfik ta Paris a 2024 sai da Ese Ukpeseraye ta ari keke daga tawagar Jamus.

Saura batun daraja, kuma nan ne 'yan birni da 'yan ci-rani suke da ta cewa. A da, keken Raleigh abin alfahari ne ga malamin makaranta da ango. Yau an mai da keke alamar rashi, wanda ya samu kuɗi a waje kuma babur yake fara aikowa gida. Babur na da ranarsa, domin ba a kai mai naƙuda asibiti a kan keke. Amma kuɗin babur ɗaya zai sayi kekuna da dama, kuma ba a sake neman kuɗin mai a wurin wanda ya aiko.

Ruwanda ta shafe shekara 37 tsakanin gasarta ta farko da ranar da duniya ta hallara a Kigali. Idan wata rana za a ga ɗan Nijar yana hawan Bagzan da lamba a bayansa, akwai yiwuwar yanzu haka yana tura keken babansa a cikin rairayi, a kan hanyar makaranta.