Masu Katun Na Kano, Ku Raba Jarumi Da Motsinsa

Idan kana yawan leƙa TikTok da Facebook, ka san katun ɗin Hausa sai ƙaruwa yake yi. Amma ka lura da wani abu? Sai ka ga matashi ya fara shiri mai daɗi, ya saki kashi biyu ko uku, daga nan shiru kake ji. Mutane su ce lalaci ne. Ni kuwa ina ganin tsarin aikin ne ke karya shi.

Yi lissafi da kanka. A al'adar fim, daƙiƙa ɗaya hotuna 24 ce, minti ɗaya kuwa 1,440. Wanda duk sabon jarumin da ya zana sai ya sake koya masa tafiya da zama daga farko, ga rashin wuta, ga tsadar data, wallahi dole ya gaji.

Maganin yana nan kusa da kai. Leƙa wajen masu aikin wuya da keken kwamfuta a Fagge. Zanen yana ajiye a filash, shaddar tana gefe. Yau a ɗora shi a farar shadda, gobe a yadin da aka yanko a Kantin Kwari. Ba wanda ke sake zane don an kawo sabon yadi. Haka ya kamata katun ya zama: jarumi daban, motsi daban, sai a haɗa su lokacin da ake so.

Ƙa'idar da ke sa ɓangarori biyu na manhaja su fahimci juna ita masu rubuta manhaja ke kira API. Ka ɗauke ta kamar bakin caja. A shagunan waya na Sabon Gari, in dai bakin Type-C ne, cajar ba ruwanta da ko Tecno ce ko Samsung. An yarda da siffa ɗaya, shi ke nan.

Ga yadda abin yake a Blender, manhajar da kowa ke saukewa kyauta tun 2002. Kana sa wa jarumi ƙasusuwa, kowane da sunansa. Motsin da ka ƙirƙira ana ajiye shi daban, kuma da suna yake neman ƙashin da zai juya. In ka ɗora motsin a kan wani jarumi mai irin tsarin ƙasusuwan da irin sunayen, zai kama. In kai ka rubuta "hannun_dama", abokinka ya rubuta "ƙashi7", hannun nan ko gezau ba zai yi ba. Ka ga ƙaramin abu, suna kawai, amma shi ne bakin cajar.

Kada ka raina manhajar don kyauta ce. Da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun a 2025.

To ga shawarata. Masu katun na Kano su zauna su yarda da tsarin ƙasusuwa ɗaya da sunaye ɗaya, sannan su tara motsinmu wuri guda. Rumbuna irin su Mixamo cike suke da gudu da tsalle da rawar Turawa. Amma durƙuson yarinya gaban kakarta fa? Jinjinar dogari? Yadda alhaji ke naɗe hannun babbar riga a kafaɗa? Dakan mata biyu a turmi ɗaya? In ba mu muka yi su ba, wa zai yi mana? Shi ya sa kake ganin jarumi da hula zanna bukar amma tafiyarsa ta ɗan Amurka.

Na san abin da za ka ce: "In na saki motsina, wani zai ɗauka ya ci riba." Gaskiya zai ɗauka. Kai ma za ka ɗauki nasa guda goma. Mai kallo kuwa labari da murya da barkwanci yake bi, kuma waɗannan suna hannunka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma mai rubuta manhaja, in za ka ƙera wa 'yan uwa kayan aiki, ka sauƙaƙa haɗin. Umarni ɗaya ya isa ya ce wannan jarumi ya yi wannan motsi. In wani ƙashi ya ɓace, manhajar ta faɗi sunansa ƙarara, kada ta yi shiru ta bar mutum yana lalube har asuba.

Ke da kike farawa, ko kai da kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ku gwada Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007. A can za ka ja umarnin motsi daga wani ɗan zane ka jefa wa wani, ka ga ya kama nan take.

A makon nan, yi motsi ɗaya tak, gaisuwar durƙuso. Tura wa abokinka ya gwada a nasa jarumin. In bai kama ba, ku duba sunayen ƙasusuwan ku daidaita. Daga nan rumbun zai fara.