Wa ya danna "Accepter" da sunanka?



Kowace Lahadi haka abin yake a kasuwar Baleyara. Mutum ya saida rago, ya sayi Tecno ko Itel, ya miƙa ma yaro mai runfar caji ya ce: "Sa mini WhatsApp da Facebook." Yaron ya buɗe mishi Gmail, ya zaɓa mishi lambar sirri, waya ta yi ta tambaya da Faransanci, shi ko ya yi ta danna "Accepter" da "Autoriser" har a gama. Minti goma ba su cika ba. Mai waya ya ba da dala ashirin, ya yi godiya ya tafi. Bai san cewa a cikin mintocin nan an ba kamfanonin da ke Amurka izinin ganin lambobin mutanensa duka, da samfurin wayarsa, da inda yake kwana, da lokacin da yake tashi ba. Su kamfanonin, a takardunsu, sun rubuta cewa ya yarda. Ni dai ina ganin wannan ba yarda ba ce. Wanda ba a karanta ma sharaɗi da harshen da yake ji ba, ba a ce ya amince da ciniki.

Na san abin da wasu za su ce: "To ni mi gare ni da za a sata? Ba ni da abin ɓoyewa." Malam, in ka saida shanu biyu a kasuwar bisashe, kana tsayawa bakin tasha ka faɗi nawa ke aljihunka da motar da za ka shiga? Ba laifi ka yi ba, amma kana rufe bakinka. Mu da muke cikin jihar Tillaberi, inda Abala da Banibangu ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, mun fi mutumin Paris sanin abin da ke biyo baya in an san wane ya samu kuɗi, wane ke magana da wane, wane ya kwana ina. Shi Bature in bayanansa sunka fita, tallar takalmi za ta dame shi. Mu nan magana ce ta rai.

Mu dubi yadda cinikin yake. Facebook, Instagram da WhatsApp duk na kamfani guda ne, Meta. A 2014 ya sayi WhatsApp a kan dalar Amurka miliyar 19. Wa zai zuba kuɗi haka a kan abin da yake rabawa kyauta? Kusan duk abin da Meta ke samu daga talla yake fitowa. Suna cewa ba su saida bayanan kowa, kuma a bisa lafazi gaskiya ne: abin da suke saidawa shi ne hanyar zuwa gare ka. Kamar dillali ne da ya san gidanka, ya san abin da kake so da abin da ke ɓata maka rai, ya je ya ce ma mai kaya: biya ni in kai ka wurinsa. Bambancin kawai, dillalin kasuwa ka san shi, in ya cuce ka ka san inda za ka same shi.

A yi ma WhatsApp adalci: tun 2016 saƙonni da kira a kulle suke, daga wayarka zuwa wayar wanda ka aika ma, kamfanin bai jin abin da ka faɗa a saƙon murya. Amma ya san lambarka, ya san lambobin da ke cikin wayarka, da gurup ɗin da kake ciki, da lokutan da kake hawa. Wanda ya san ƙofofin da kake ƙwanƙwasawa kullum, ko bai ji hirar ba ya san rabin labarinka.

Kuma abin da anka tara, wata rana sai ya zube. A 2021 an watsa lambobin waya da sunayen mutum miliyan 533 na Facebook a intanet, daga ƙasashe sama da ɗari, kowa ya ɗauka kyauta. Google kuwa, an gano yana ajiye wuraren da mutane ke zuwa ko da sun kashe abin da ke ajiye tarihin tafiye-tafiyensu, har a 2022 ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5 don a kashe maganar. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Muslim Pro, manhajar nan da ke faɗin lokutan salla da alƙibla. A ƙarshen 2020 'yan jarida sunka bankaɗo cewa bayanan wuraren da masu amfani da ita suke na zuwa hannun wani kamfani mai suna X-Mode, shi kuma yana saida irin waɗannan bayanai ga 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu Muslim Pro sun musanta cewa sun saida ma soja, sun kuma yanke hulɗa da kamfanin. Amma ka duba lokacin: jiragen Amurka marasa matuƙi na tashi daga sansaninsu na Agadas, ba su bar ƙasarmu ba sai 2024. Bawan Allah ya sa manhaja don kar salla ta wuce shi.

Ba wai babu abin yi ba ne. Maƙwabtanmu na Najeriya sun gwada. A watan Yulin 2024 hukumarsu ta kare masu sayen kaya ta ci Meta tarar dala miliyan 220, sama da miliyar 120 na sefa, bayan binciken wata 38. Cikin laifukan da ta lissafa har da raba bayanan 'yan Najeriya ba da izininsu ba, da kuma ba su kariyar da ba ta kai wadda ake ba mutanen wasu ƙasashe ba. Meta ya ɗaukaka ƙara, a watan Afrilun 2025 kotun ta tabbatar da tarar. Mu ma muna da doka tun 2017, an sabunta ta a ƙarshen 2022, muna da hukuma a Yamai, HAPDP, wadda aikinta ke nan. Amma ka zagaya Tagazar ka tambaya wa ya taɓa jin sunanta. Dokar da ke cikin ofis da Faransanci ba ta kare mai tallar kopto. Su fito gidajen rediyon karkara su yi bayani da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek. Kasuwarmu ƙarama ce a idon Meta, gaskiya ne, don haka ne ya kamata a haɗa baki da Mali da Burkina da ma Najeriya kafin a tunkare su.

A nan zan ɗan kauce. Kariyar da muke roƙo daga hukuma kar ta zama wani sabon leƙen asiri. Wanda ya tsere ma kamfani ya faɗa hannun mai sauraren waya bai tsira ba.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Duk wanda wani ya buɗe ma Gmail ko Facebook, ya nemi ɗansa ko ƙanensa da ya amince da shi su canza lambar sirrin yau, don har yanzu makullin ɗakinsa na hannun wani. A WhatsApp a shiga "Paramètres" a kunna "Vérification en deux étapes". Lambar nan shida da ke zuwa ta SMS, ko wa ya kira ya ce kuskure ya yi ya turo maka, kar ka ba shi. A kashe "Localisation" in ba ana bukatarta ba. Manhajar tocila ko ta wasa da ta nemi ganin lambobin mutanenka, goge ta. Kuma don Allah a daina tura hoton katin ɗan ƙasa cikin gurup don an ce ana rabon tallafi. Wasu sun koma Signal, wadda ba ta kamfanin talla ba ce. Tana da kyau, sai dai in dillalinka da 'yar uwarka da ke Kwatano duk suna WhatsApp, kai kaɗai za ka zauna can.

Ku kuma samari masu runfar caji da gyaran waya, ku ne ƙofar da garin nan ke bi ya shiga intanet. Dattijon da ya miƙo maka wayarsa amana ya ba ka. Kafin ka danna "Autoriser", ɗaga kai ka ce mishi: "Baba, abin ga yana son ya riƙa sanin inda kake, in bar shi ko in hana?" Ka bar shi ya zaɓi lambar sirrinsa da kansa, kai ko ka kau da ido sa'adda yake bugawa.